Yadda Ake Neman Diyya Idan Sakacin Wani Ya Jawo Mutuwar Ɗan Uwa

Idan mutum ya rasu sakamakon sakacin wani ko gangancinsa, a haɗarin mota ne ko a asibiti ko a wurin aiki ko ta dalilin wani kaya da aka ƙera da aibi, dokokin ƙasashe da dama sun ba iyalinsa damar su kai ƙara su nemi diyya. Na daɗe ina raka iyalai a irin wannan shari'a, kuma abubuwa biyu na fi gani suna kayar da masu gaskiya: ko dai wa'adin da doka ta yanka ya wuce suna cikin jimami, ko kuma hujjojin da za su tsaya musu sun salwanta a makonnin farko, lokacin da babu wanda hankalinsa ke kan takarda. Wannan ya sa na sanya tsare hujja da lissafin wa'adi a gaba, tun kafin maganar lauya da kotu.

Kayan aikin da za ku tanada

Kusan dukkan kayan aikin takardu ne, kuma gara a tara su wuri guda a hannun mutum ɗaya mai natsuwa wanda dangi suka amince da shi.

- Babban fayil, da littafin rubutu guda wanda za a riƙa shigar da komai tare da kwanan wata: wanda ya bugo waya, abin da ya ce, takardar da aka miƙa da sunan wanda ya karɓa.
- Takardar shaidar mutuwa, kwafi da yawa masu hatimin hukuma, domin banki da kamfanin inshora da kotu kowa zai nemi nasa.
- Rahoton binciken gawa idan an yi, da dukkan bayanan asibiti tun daga lokacin da aka ɗauko marigayin har ya cika.
- Rahoton 'yan sanda, ko na hukumar kula da lafiyar ma'aikata idan a wurin aiki abin ya faru.
- Hotuna da bidiyo na wurin, da sunayen shaidu da lambobin wayarsu.
- Takardun dangantaka: shaidar aure, shaidar haihuwar 'ya'ya, da wasiyya idan ya bari.
- Takardun albashi da na haraji da bayanan asusun banki na shekara biyu zuwa uku da suka gabata.
- Rasit na duk abin da aka kashe a jinya da jana'iza, komai ƙanƙantarsa.
- Takardun inshorar marigayin, ta rai da ta mota da ta wurin aiki.

Idan marigayin sana'ar kansa yake yi, ba shi da takardar albashi, sai a tattara littafin cinikinsa, da shaidar kuɗin da ke shiga asusunsa, da rubutaccen bayani daga waɗanda suke hulɗar kasuwanci da shi, da kuma rasit na hayar gida da kuɗin makaranta da shi ke biya, tun da abin da mutum ke kashewa a kan iyalinsa kowane wata shi ma yana nuna abin da yake samu.

1. Ku tsare hujjoji tun a kwanakin farko

Wannan mataki yana faɗowa ne a daidai lokacin da zukata ke cikin ɗimuwa, kuma shi ne wanda ba ya gyaruwa idan aka yi sake. Mafita ita ce a ɗora aikin a kan wani ɗan uwa ko amini wanda rashin bai gigita shi kamar matar marigayin ko iyayensa ba.

Abu na farko shi ne binciken gawa. Idan musabbabin mutuwar a fili yake, kamar wanda mota ta buge ya rasu nan take a gaban jama'a, rahoton likita na iya wadatarwa. Amma idan bayan tiyata ne, ko bayan an ba da wani magani, ko kuma mutum ya ji rauni ya yi makonni yana jinya sannan ya cika, to ku sa ran ɗaya ɓangaren zai ce wata cuta ce da ke jikinsa tun da farko ta yi ajalinsa, kuma binciken gawa ne ke warware irin wannan gardama. Shawara ce mai nauyi, kuma ba na ganin laifin iyalin da suka ƙi. Abin da nake so kawai shi ne su yanke ta suna sane da abin da za su rasa. Idan an riga an binne ba a yi ba, sai a koma ga bayanan asibiti, wato sakamakon gwaje-gwaje, da hotunan ƙashi da na ƙwaƙwalwa, da rubutun ma'aikatan jinya na sa'a-sa'a, a ba ƙwararren likita mai zaman kansa ya nazarce su. Ku nemi cikakken kwafin fayil ɗin a rubuce da wuri, kada ku tsaya a kan taƙaitaccen rahoton da asibitin zai fara miƙo muku.

Idan haɗarin mota ne, kada ku bari a gyara motar ko a sayar da ita ga masu sayen tsofaffin ƙarafa, domin motocin zamani da yawa suna da na'urar da ke adana gudun da ake yi da lokacin da aka taka birki a daƙiƙun ƙarshe. Idan kuma wani kaya ne ya yi ɓarnar, a ajiye shi yadda yake tare da kwalinsa da rasit ɗinsa, kada a mayar wa kamfanin da sunan za su duba.

Kyamarorin tsaro suna goge abin da suka ɗauka su ɗora sabo a kai, wasu cikin kwanaki, wasu cikin makonni, kuma a Amurka wata shida kacal doka ta wajabta wa kamfanonin manyan motoci su ajiye bayanan sa'o'in da direba ya yi yana tuƙi. Saboda haka a rubuta wasiƙa ga duk wanda ake zaton yana riƙe da hujja, a ambaci rana da sa'a da wurin, a nemi ya adana abin da ke hannunsa, sannan a sa wanda ya karɓa ya sa hannu a kan kwafin da za ku ajiye. Wanda ya lalata hujja bayan ya karɓi irin wannan wasiƙa, kotu na iya ɗauka cewa hujjar ba ta goya masa baya ba ne.

Shaidu kuwa a same su tun abin yana sabo a ƙwaƙwalwarsu, kowa ya rubuta abin da ya gani da idonsa ya sa hannu da kwanan wata. Wayar marigayin a ajiye ta ba tare da an goge komai ba. Sannan a ja kunnen dangi, musamman matasa, kada kowa ya rubuta yadda abin ya faru a Facebook ko WhatsApp, domin lauyoyin ɗaya ɓangaren suna bin irin waɗannan rubuce-rubuce suna neman inda labarin iyali ya saɓa wa juna.

2. Kada ku sa hannu a kan komai, kuma kada ku yarda a naɗi muryarku

Ba za a jima ba wakilin kamfanin inshora, ko na asibiti, ko na kamfanin da marigayin ke yi wa aiki zai zo da ta'aziyya da lafazi mai taushi, wani lokaci har da kuɗi a hannu. Mai yiwuwa mutumin kirki ne, amma aikinsa shi ne rage abin da kamfaninsa zai biya. Takardar da zai ce ta shaidar karɓar kuɗi ce, sau da yawa akwai sakin layi a cikinta da ke cewa kun yafe duk wani haƙƙi na yanzu da na nan gaba, kuma idan aka sa hannu da wuya kotu ta warware.

Amsar da za ku ba shi ita ce ya aiko da komai a rubuce. Idan akwai matsin kuɗi na gaske, kuna iya karɓar taimako da sharaɗin a rubuta ƙarara cewa wani ɓangare ne na abin da za a biya daga baya, bayan lauya ya karanta takardar.

3. Ku gano wa'adinku, ku rubuta shi a bangon fayil

A tsarin dokar Ingila da ƙasashen da suka gaje shi, da can babu wannan haƙƙi sam. A 1808 wata kotu ta yanke cewa mutuwar ɗan Adam ba abin kawo kuka ba ne a shari'ar neman diyya, sai ya zama wanda ya raunata mutum yana biya, wanda ya kashe shi kuwa ya tsira da aljihunsa. Majalisar Ingila ce ta gyara wannan da doka a 1846, jihar New York ta bi sahu a 1847, sauran wurare suka biyo baya kowa da tasa. Amfanin sanin haka shi ne ku fahimci cewa rubutacciyar dokar wurin da abin ya faru ce ke faɗin wanda zai yi ƙara, da abin da zai nema, da lokacin da ƙofa za ta rufe, don haka abin da wani ya gaya muku game da wata ƙasa ko wata jiha ba lallai ya shafe ku ba.

A Ingila wa'adin shekara uku ne daga ranar rasuwa, ko daga ranar da mai haƙƙi ya san musabbabinta. A Amurka, a jihohin Kalifoniya da Teksas da New York shekara biyu ne, a Tennessee kuwa shekara ɗaya. Idan haɗarin jirgin sama ne a tafiya tsakanin ƙasashe, Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta yanka shekara biyu.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne idan hukumar gwamnati ce ake zargi, kamar asibitin gwamnati ko motar hukuma ko hanyar da aka bari ta lalace. A nan akwai wani gajeren wa'adi da ke gaban na kotu: a Kalifoniya dole a miƙa wa hukumar takardar neman diyya cikin wata shida, a New York kuwa cikin kwana 90 daga ranar da aka naɗa mai kula da dukiyar mamacin. Ƙarar sakacin likita ma takan zo da nata wa'adin na daban.

Kurakurai biyu ne ke yawan faruwa. Na farko shi ne jiran a gama shari'ar laifi, alhali a mafi yawan wurare kwanakin wa'adi ba sa tsayawa saboda ita. Na biyu shi ne zaton tattaunawar sulhu da kamfanin inshora tana dakatar da lissafi. Akwai kamfanonin da za su yi ta ja da ku da alƙawari har ranar ta wuce. Idan wa'adi ya ƙarato ba a daidaita ba, a shigar da ƙara, a ci gaba da tattaunawa daga baya. Idan kuma kuna ganin ya riga ya wuce, kada ku yanke ƙauna kafin ku ga lauya, domin dokoki da yawa suna sassauta wa yara ƙanana da kuma waɗanda aka ɓoye wa gaskiya da gangan.

4. Ku tantance wanda ke da hurumin shigar da ƙara

Ba duk wanda rashin ya taɓa ne doka ta ba wannan hurumi ba. Miji ko mata, da 'ya'ya, da iyaye su ne a sahun gaba kusan ko'ina, amma 'yan uwa na ciki ɗaya da kakanni da waɗanda marigayin ke riƙo, wannan ya danganta da wuri. A wurare da dama, ciki har da New York, mai kula da dukiyar mamaci ne kaɗai zai shigar da ƙarar a madadin kowa, don haka sai an fara zuwa kotun da ke kula da gado an karɓo takardar izini, ko an tabbatar da wasiyya. Wannan kan ɗauki makonni ko watanni, saboda haka a fara shi da wuri. A Ingila, dokar diyyar mutuwa ta 1976 ta ce idan babu mai kula da dukiya, ko kuma ya yi wata shida bai shigar da ƙara ba, waɗanda marigayin ke ɗauke da nauyinsu suna iya shigarwa da kansu.

Ƙara ɗaya ake yi a kan mutuwa ɗaya. Saboda haka a zauna a lissafa duk mai haƙƙi tun farko, har da 'ya'yan da ya haifa a wani aure da iyayen da yake aika wa kuɗi a nesa. Ɓoye wani mai haƙƙi domin rabon wasu ya ƙaru kan rusa sulhun da aka sha wahala aka ƙulla, kuma wanda ya yi ɓoyon yana iya biya daga aljihunsa.

5. Ku ɗauki lauyan da ya san wannan fage

Lauyan da ya taimaka muku wajen sayen gida ba lallai ne ya iya wannan aiki ba. Ku gana da biyu ko uku, ku tambayi kowanne irin wannan shari'a nawa ya yi, nawa ne suka kai gaban alƙali, wane ne zai riƙe fayil ɗinku a zahiri, kuma yaushe yake ganin wa'adinku zai cika. Wanda ya yi muku alƙawarin wani adadi a zaman farko, tun bai karanta takarda ko ɗaya ba, ku bar shi.

A Amurka yawancin lauyoyin wannan fage ba sa karɓar komai sai an yi nasara, sannan su ɗauki kashi ɗaya bisa uku zuwa kashi 40 cikin 100. Kafin ku sa hannu, a rubuta a fili ko za a cire kasonsa ne kafin a cire kuɗin ƙwararru da na kotu ko bayan an cire, da kuma wanda zai ɗauki waɗannan kuɗaɗe idan aka faɗi. Wannan tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin a Ingila ƙa'idar ita ce wanda ya faɗi ya biya kuɗin shari'ar wanda ya ci, ko da yake tun 2013 mai neman diyyar rauni ko mutuwa da ya faɗi galibi ba ya biya, a Amurka kuwa galibi kowa nasa yake biya. Idan babu halin ɗaukar lauya, a nemi ofishin ba da agajin shari'a, ko ƙungiyar lauyoyi, ko ƙungiyar ƙwadagon marigayin.

6. Ku auna ƙarfin ƙarar, ku gano waɗanda za a kai ƙara

Nauyin kawo hujja yana kanku, kuma abubuwa huɗu za ku tabbatar: cewa akwai haƙƙin kiyayewa da ya rataya a wuyan wanda ake ƙara, kamar na direba ga masu tafiya a ƙafa ko na likita ga majinyacinsa, cewa ya gaza yin abin da mai hankali a matsayinsa zai yi, cewa wannan gazawa ce ta jawo mutuwar, da kuma cewa kun yi asara. Na ukun ne ya fi ba da wahala. Likita na iya yin kuskure a bayyane, amma idan aka nuna majinyacin zai rasu ko da an yi komai daidai, ƙarar ta faɗi, kuma wannan ne ya sa jihohi da yawa a Amurka ke neman shaidar ƙwararren likita tun a farkon ƙarar sakacin asibiti.

Ma'aunin hujja a nan bai kai na shari'ar laifi tsauri ba. A can sai an kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana, a nan kuwa ya isa a nuna maganarku ce ta fi rinjaye. Shi ya sa aka wanke O.J. Simpson, wani tsohon ɗan wasan ƙwallo a Amurka, daga tuhumar kisa a 1995, amma a 1997 aka ɗora masa alhakin mutuwar a shari'ar neman diyya, aka yanke ya biya dala miliyan 33.5. Don haka idan 'yan sanda sun ƙi gurfanar da kowa, ko kotu ta saki wanda ake zargi, ƙofarku ba ta rufe ba.

Kada ku tsaya a kan mutumin da hannunsa ya yi ɓarnar. Direban da ke bakin aiki, kamfanin da ya ɗauke shi yana ɗaukar alhakinsa, kuma akwai mai motar, da wanda ya gyara birkin, da wanda ya ƙera tayar. Dalilin faɗaɗa bincike shi ne hukunci a kan wanda ba shi da komai kuma ba shi da inshora takarda ce kawai. Idan direban ya gudu ko ba shi da inshora, a duba takardar inshorar motar marigayin ko ta tanadi irin wannan hali. A Birtaniya akwai asusun da kamfanonin inshora ke zuba kuɗi a ciki tun 1946 domin wannan. Idan kuma a wurin aiki ne, a mafi yawan jihohin Amurka tsarin diyyar ma'aikata ya hana a kai uban gida ƙara kai tsaye, amma ana iya ƙarar wanda ya ƙera injin ko ɗan kwangilar da ke aiki a wurin.

Ku gaya wa lauyanku duk wani abu da marigayin ya yi da zai iya zama nasa kuskuren, domin ɗaya ɓangaren zai tono shi. A mafi yawan wurare rage diyyar ake yi gwargwadon laifinsa: idan bai ɗaura bel ɗin mota ba, kotunan Ingila kan rage kashi 25 cikin 100 idan ɗaura shi zai hana raunin gaba ɗaya, ko kashi 15 idan zai rage shi kawai. Amma a Amurka, a jihohin Alabama da Maryland da Virginia da North Carolina, ɗan kuskure kaɗan daga marigayin na iya kashe ƙarar ɗungurungum.

7. Ku yi lissafin asara da takarda a hannu

Iyalai da yawa kan ji nauyin wannan mataki, kamar ana yi wa ran ɗan uwansu farashi. Kotu ba rai take ƙiyastawa ba. Abin da take aunawa shi ne giɓin da rashinsa ya bari a rayuwar waɗanda ke dogaro da shi, kuma abin da ba a rubuta aka kawo mata ba, ba za ta ƙirga shi ba.

Haƙƙi iri biyu ne ake haɗawa. Na farko na marigayin ne da kansa, wanda ya koma cikin dukiyarsa: kuɗin jinya, albashin da ya rasa yana kwance, da raɗaɗin da ya sha tsakanin rauni da cikawa. Na biyu na iyali ne, kuma mafi girma a cikinsa shi ne kuɗin da da zai ci gaba da kawowa gida. Hanyar da kotunan Ingila suka saba bi tana da sauƙin fahimta. Ana haɗa abin da miji da mata ke samu, a ɗauki kashi biyu bisa uku idan babu 'ya'ya a gabansu, ko kashi 75 cikin 100 idan akwai, sannan a cire abin da wanda ke raye yake samu. Misali, idan marigayin na samun 300 a wata, matarsa na samun 100, suna da yara, jimilla 400 ke nan, kashi 75 ɗinta 300, a cire 100 na matar, sai asarar ta zama 200 a wata. Wannan adadi ake faɗaɗawa zuwa shekarun da ake sa ran zai yi yana aiki, a ƙara da fanshonsa, sannan a rage wani abu saboda a dunƙule za a biya tun yanzu.

Abin da aka fi mantawa shi ne hidimar da ba a biyan kuɗi a kanta. Uwar da ba ta zuwa aiki amma tana renon yara da girki da kula da tsofaffi, rashinta asara ce da ake ƙiyastawa da abin da za a biya wani ya yi waɗannan ayyuka. Ku zauna ku rubuta yadda marigayin ke tafiyar da makonsa, aiki bayan aiki, da sa'o'in da kowanne ke ci.

Diyyar baƙin ciki kuwa ta bambanta ƙwarai daga wuri zuwa wuri. A Ingila doka ta ƙayyade ta a kan fam 15,120 ga mutuwar da ta faru daga 1 ga Mayu 2020, kuma miji ko mata, da wanda ya zauna da marigayin zaman aure na shekara biyu, da iyayen yaron da bai kai 18 ba ne kaɗai ke samu; ɗan da ya rasa mahaifinsa ba ya ciki, abin da ni dai ban taɓa ganin adalcinsa ba. Dokar New York ta daɗe tana taƙaita diyya ga asarar da ake iya lissafawa da kuɗi, wasu jihohin kuwa suna biyan rashin abokin zama da rashin tarbiyyar iyaye.

8. A aika wasiƙar neman diyya, sannan a shigar da ƙara

Lauya zai rubuta wa wanda ake zargi da kamfanin inshorarsa, ya bayyana abin da ya faru da laifin da ake ɗora musu da asarar da aka yi. A Ingila suna da kwana 21 su nuna sun karɓa, da wata uku su yi bincike su ba da amsa, ko kwana 14 da wata huɗu idan batun asibiti ne. Idan sun musa ko sun yi shiru, sai a shigar da ƙara a miƙa musu sammaci.

Daga nan sai musayar takardu da amsa tambayoyi bisa rantsuwa, kuma wannan zango ne ya fi cin lokaci, sau da yawa fiye da shekara. Za a tambaye ku abubuwa masu ciwo game da lafiyar marigayin da bashinsa da zaman aurenku. Ku faɗi gaskiya a taƙaice, abin da ba ku tuna ba ku ce ba ku tuna ba, kada ku yi kirdado, kuma kada ku ƙara wa marigayin abin da ba shi da shi, domin ƙarya ɗaya da aka kama tana zubar da ƙimar sauran maganarku duka.

9. Sulhu ko hukuncin kotu

Mafi yawan irin waɗannan ƙararraki da sulhu suke ƙarewa, wani lokaci ta hannun mai shiga tsakani. Tayin farko kusan kullum ƙasa yake da abin da za su iya biya. Ku nemi lauya ya rubuta muku abubuwa uku: abin da yake ganin kotu za ta iya bayarwa, yiwuwar a faɗi, da abin da zai shigo hannunku bayan an cire komai. Shawarar ƙarshe taku ce, kuma lauya ba shi da ikon karɓar tayi ba da yawunku ba. A Ingila akwai haɗari guda da ya kamata a sani: idan kuka ƙi tayin da aka yi bisa ƙa'idar kotu, sannan hukunci bai ba ku fiye da shi ba, kuna iya biyan kuɗin shari'ar ɗaya ɓangaren daga lokacin da wa'adin karɓar tayin ya ƙare.

Idan abin da ya fi damun ku shi ne a amsa laifi ko a gyara abin da ya jawo mutuwar, ku faɗa tun farko a sa shi cikin sharuɗɗa, domin takardun sulhu galibi suna cewa ba a amsa laifi ba, wasu ma suna hana ku magana a bainar jama'a. Idan kuwa aka je gaban alƙali, ku shirya wa ɗage zama da ɗaukaka ƙara.

10. Karɓar kuɗin da raba su

Hukunci daban, kuɗi a hannu daban. Iyalan da suka ci nasara a kan Simpson ɗan kaɗan suka iya karɓa daga abin da aka yanke. Idan wanda aka ci ya ƙi biya, sai a koma kotu a nemi umarnin riƙe asusunsa ko albashinsa ko sayar da kadarorinsa.

Idan kuɗin sun shigo, ku nemi lauya ya ba ku lissafi a rubuce, layi bayan layi, na kasonsa da kuɗin ƙwararru da abin da asibiti ko inshorar lafiya ke bi, kafin ku sa hannu. Kason da ya shiga dukiyar marigayin yana bin wasiyya ko dokar gado, kuma masu bin sa bashi suna iya taɓa shi, amma na waɗanda yake ɗauke da nauyinsu galibi nasu ne kai tsaye, ana raba shi gwargwadon asarar kowa. Idan akwai yara ƙanana, sulhun ba ya tabbata sai alƙali ya amince da shi, kuma kasonsu ana ajiye shi ne a hannun kotu ko a asusu na musamman har su kai shekarun da doka ta yanka. Mai riƙonsu na iya neman a fitar da wani abu domin makaranta ko magani, amma sai ya rubuta buƙatar ya haɗa da rasit, kuma ya ajiye kwafin kowace takarda domin ranar da yaran za su girma su nemi lissafi.